Motar Baba ba ta zuwa ko'ina sai masallacin Juma'a, amma an ce faifan birkinta ya lalace

Maman Ikram:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sanin mota ku taimaka mini da shawara, tun jiya abin nan yake cina. Motar mahaifinmu ce, ya saye ta sabuwa fil a 2014 lokacin da ya kusa ajiye aiki. Har yau abin da ke kan mita kilomita 38,000 ne da 'yan kai. Tunda ciwon gwiwa ya matsa masa ba ta zuwa ko'ina sai masallacin Juma'a, sai kuma asibiti in ranar ganin likita ta zo. Daga gidanmu a Fadaman Mada, nan Bauchi, zuwa masallacin bai kai kilomita uku ba, ƙanena ne ke kai shi.

Makon jiya ni na ɗauke shi zuwa asibiti. Ina taka birki wajen Wunti sai na ji ƙara daga baya, kamar ana goge gindin tukunya da yashi, birkin kuma yana ɗan bugun tafin ƙafata. Na kai gareji, bakanike ya cire tayar baya ya nuna mini faifan birkin, wanda suke ce wa dis. Gaskiya na ga tsatsa, musamman baki-baki, tsakiyarsa kuma duk zane-zane ne a zagaye kamar an ja ƙusa. Ya ce sai an canza na baya duka biyun har da fad, wato abin da ke dafe faifan in an taka birki. Kuɗin da ya faɗa ya kusa rabin albashina.

Abin da na kasa ganewa shi ne, yaya motar da ba ta aiki za ta cinye faifan birki? Tawa da nake zuwa makaranta da ita kullum ta haura kilomita 150,000, faifanta sai ƙyalli yake. Ba na son in zargi bawan Allah a kan sana'arsa, ba na kuma son a yi mini wayo don an ga mace ce.

Abban Walid:
Wa alaikumus salam. Hajiya kada ki biya ko sisi. Tsatsar dis ba ciwo ba ce. Tawa in ruwa ya kwana yana zuba, da safe za ki ga faifan ya yi ja kamar an barbaɗa masa jar ƙasa, kafin in fita layinmu na taka birki sau uku ya koma fari. Ki hau hanyar Jos da ita, ki taka birki sosai sau goma, ki dawo ki ba mu labari. Masu gareji da sun ga mota mai tsafta sai su ɗauka mai ita kuɗi ne da shi.

Ɗan Gombe:
Allah ya ba Baba lafiya. Tambaya ɗaya Anti, kin tabbata lambar mitar ta gaskiya ce? Don da yawa daga cikin motocin da ke shigowa ta Kwatano da Legas an juya musu mita. Na taɓa ganin mota tana nuna 60,000 amma robar kan birkinta ta suɗe har ƙarfe ya fito.

Maman Ikram:
Amin, na gode. Ba tokumbo ba ce, da ledar kujerunta aka kawo ta gida. Takardunta suna cikin akwatin Baba, kuma ba wanda ya taɓa tuƙa ta in ba shi ba sai mu 'ya'yansa.

Ogan Gareji:
Salam. Hajiya sannu da hidimar Baba, Allah ya saka da alheri. Ni bakanike ne, birki da ƙafar mota su ne aikina sama da shekara ashirin. Ban ga motar ba, don haka ba zan ce wancan ɗan'uwan ya yi daidai ko ya yi kuskure ba. Amma abin da ya faɗa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Faifan da muka fi zubarwa da sauran kaurinsa na motocin manya ne da na matan aure da ba sa fita, ba na 'yan haya ba. Ɗan haya yana cinye nasa ne da aiki. Waɗannan kuwa zama ne ke cinye nasu.

Abban Walid, maganarka gaskiya ce amma rabi. Tsatsa iri biyu ce. Akwai ta kwana ɗaya, wadda in ka shafa yatsa za ta biyo ka kamar hoda, wannan birki na share ta. Akwai kuma wadda ta yi watanni tana cin ƙarfe, ta huda shi ƙananan ramuka kamar zanzana, ta kumbura tana ɓarewa ɓawo-ɓawo. Wannan ko Kano ka je ka dawo ba za ta fita ba, fad ɗin ma za ta ci.

Hajiya ki amsa mini waɗannan. Yaushe ake wanke motar? A ina take kwana, siminti ko ƙasa? Ana rufe ta? Ana jan birkin hannu in an ajiye?

Maman Ikram:
Ranka ya daɗe, ana wanke ta duk Alhamis da yamma saboda Juma'a. Baba ba ya son ganin datti a taya, don haka yaron yana watsa ruwa sosai cikin tayoyin. In sun dawo masallaci da damina akan sake ɗauraye tayoyin saboda taɓo, sai a mayar da ita ƙarƙashin bishiyar mangwaro a rufe da tamfol har ƙasa. Wurin ba siminti. Birkin hannu kuwa kullum a jaye yake, haka Baba ya koya mana.

Ogan Gareji:
To Hajiya kin gama ba da amsar da kanki. Ana jiƙa faifan, ba a taka birki ya yi zafin da zai busar da shi ba, sai a lulluɓe shi da tamfol a kan danyar ƙasa har kwana shida. Ƙasan bishiya a watan Agusta a Bauchi ba ya bushewa. Raɓar da ke tasowa daga ƙasa ba ta da mafita, cikin tamfol ɗin take zama. Duk mako haka, shekara da shekaru.

Bugun da kike ji a ƙafa kuma, ga inda yake fitowa. In mota ta daɗe a tsaye, wurin da fad ya dafe faifan tsatsarsa daban take da ta sauran wurin. In kika duba da kyau za ki ga hoton fad ɗin a jikin faifan kamar an buga hatimi. Duk zagayen da taya ta yi, in wurin nan ya zo wucewa sai birki ya kama daban, shi ne kike ji yana bugunki.

Injiniya:
Bari in ƙara a kan bayanin Oga, don mutane da yawa suna ɗauka tsatsa alama ce ta jabun kaya. Faifan birkin yawancin motoci da ƙarfen zubi ake yin sa, irin mai toka-toka, wanda ke da gawayin kabon kusan kashi 3 cikin 100 a jikinsa. An zaɓe shi ne don yana ɗaukar zafi ya watsa shi da sauri, ba ya saurin lanƙwasa, yana kuma rage ƙara. Aibinsa ɗaya, da ya ga ruwa sai tsatsa, cikin 'yan awoyi. Kuma ba a iya yi wa fuskarsa fenti, don nan ne fad ke gogawa. Ku lura da manyan babura masu dis a gaba, nasu ba ya yin ja haka, don da ƙarfe marar tsatsa ake yin yawancinsu. Amma babur ba shi da nauyin mota, zafin da zai ɗauka kaɗan ne.

Wanda ya ƙera motar ya gina lissafinsa a kan cewa za a riƙa tuƙa ta, birki ya riƙa share faifan kullum. Dalilin da ya sa na baya ya fi lalacewa kuwa, in ka taka birki nauyin mota gaba yake tafiya, don haka birkin gaba ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin, wani lokaci fiye. Wanda ke tafiya a hankali da dattijo a mota, yana lallaɓa birki, na bayan kusan shafa faifan kawai yake yi. Sai tsatsa ta fara daga bakin waje da bakin ciki tana matsowa tsakiya. Tana da kaushi, sai ta cinye gefen fad ɗin, daga nan fad ba ya ƙara taɓa wurin balle ya share shi. A hankali sai ka ga faifan da faɗin fuskarsa ya kai yatsa uku, amma wurin da ke ƙyalli bai wuce yatsa ɗaya ba. Da wannan yatsa ɗayan motar ke tsayawa.

Maman Ikram:
Wallahi haka na gani. Wani siririn layi ne kawai yake haske a tsakiya.

Sabon Direba:
Ni a ganina tunda tsatsa ce matsalar, me zai hana a riƙa shafa masa baƙin mai ko a fesa irin man nan na gwangwani da ake kwance noti da shi? Haka muke yi wa ƙofar shagonmu da damina.

Ogan Gareji:
A'a ƙanena, don girman Allah kada ka yi, kada kuma wani ya karanta ya gwada. Birki da gogayya yake kamawa. Mai ko ɗigo ɗaya ya taɓa fuskar faifai, fad zai shanye shi, kuma fad ɗin da ya sha mai ya tashi aiki, wanki ba ya fitar da shi. Za ka taka birki mota ta ci gaba da tafiya. Sabon faifai ma da ake kawowa da ɗan maiƙo a jikinsa don kada ya yi tsatsa a kwali, sai mun wanke shi tas kafin mu ɗaura. Har masu wankin mota da ke fesa man ƙyalli a taya ina yi musu magana su kauce wa cikin rim.

Sabon Direba:
Na gode Oga, ban sani ba. Allah ya sa na tambaya kafin in yi.

Baba Direba:
Assalamu alaikum. Yarana ne suka sa ni cikin wannan zaure, ban cika magana ba, amma wannan ta shafe ni. Na yi shekaru ina jan mota tsakanin Bauchi da Jos. Duk wanda ya san hanyar ya san in ka baro Jos gangara kake yi ta sha har ka wuce Tilden Fulani da Toro. A nan ake sanin birkin gaskiya.

'Yata, ga gwajin da muke yi tun kafin a kawo na'urori. In faifan ya huce, ki ja farcenki daga tsakiya zuwa baki. In farce yana wucewa yana ɗan jin gurji-gurji kawai, ba komai, duk faifan da ya yi aiki yana da wannan. In kuwa farce ya faɗa rami ya tsaya, zanen ya yi zurfi. Sannan kada ki yarda da fuskar da kike gani ta waje. Ki sa a cire faifan a juya miki bayansa. Fuskar ciki tana fakewa bayan wani farantin ƙarfe, iska ba ta samunta, ita ce ke fara ruɓewa. Sau nawa na ga waje fes, ciki kamar an tono shi daga rijiya.

Abu na biyu, yaushe rabon a canza man birkin motar nan? Ina jin tsoron tun na kamfani ne a ciki.

Maman Ikram:
Baba Allah ya ƙara girma. Na tambayi ƙanena, ya ce baƙin mai kawai ake canzawa duk shekara, man birki sai dai a duba a ga bai ragu ba.

Injiniya:
Baba ya taɓo babban abu. Man birki irin DOT 3 da DOT 4 yana jan danshi daga iska ko motar na tafiya ko tana tsaye, shi ya sa ake ƙidaya shi da shekara, ba da kilomita ba. Yawancin masu ƙera motoci suna cewa a canza duk shekara biyu zuwa uku. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai digiri 230, amma in ya sha ruwa yakan sauko wajen 155. DOT 3 kuma daga 205 zuwa 140. A cikin gari ba za ka taɓa sani ba. Sai ranar da ka ɗauko iyali a doguwar gangara, man ya tafasa ya zama tururi, ka taka birki ya tafi ƙasa. Ruwan nan kuma shi ke sa fistin ɗin kalifa, wato ƙarfen da ke matse fad a jikin faifai, ya yi tsatsa daga ciki ya maƙale.

Abban Walid:
Na ji bayananku kuma na ƙaru. Amma ku dubi halin da ake ciki. Injiniya da bakinka ka ce na gaba ke yin yawancin aikin. Motar da ba ta wuce gudun 40, daga gida sai masallaci, mene ne laifi in an bar na bayan haka har Allah ya hore? Rabin albashi ba wasa ba ne. Ni ba rowa nake koya wa kowa ba, na san yadda wata ke ƙarewa ne.

Ogan Gareji:
Maganar kuɗi gaskiya ce, ni ma mai iyali ne. Amma ka tuna motar nan ita ce ta asibiti. Ranar da jikin Baba zai tashi da tsakar dare, Allah ya kiyaye, ba gudun 40 za a yi ba, kuma wataƙila ana ruwa. Abin da na fi tsoro ba raunin birkin baya ba ne, rashin daidaito ne. In na dama yana kamawa na hagu ba ya kamawa, ka taka da ƙarfi a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, bayan mota zai nemi ya juyo. Sannan tsatsa takan shiga tsakanin fad da ƙarfen da aka manna shi a kai ta ɗaga shi. Na sha cire taya in ga fad ya rabu biyu a hannuna, da kaurinsa kamar sabo. In ya fita ana cikin tafiya, ƙarfe da ƙarfe ne za su haɗu.

Ba cewa nake lallai a sayi sabo ba. Cewa nake a auna. Kowane faifai an buga masa lamba a jiki, ko a bakinsa ko a wuyansa, za ki ga MIN TH sannan lamba da mm. Wannan shi ne kaurin da in ya gaza shi an daina amfani da faifan. Na gaba masu ramukan iska a tsakiya sukan fara daga 22 zuwa 28, abin da aka yarda ya ci bai wuce 2 ko 3 ba. Na baya sirara ne, wajen 9 zuwa 12, abin da aka bar musu kuma ɗan kaɗan ne. Ki ce ya kankare wurin lambar da burushin waya ki gani da idonki, ya kuma auna a gabanki, a tsakiyar fuskar, ba a kan tudun tsatsar baki ba. Bakaniken kirki ba zai ji haushin wannan ba.

Ɗan Gombe:
Oga to aski fa? Mu nan Gombe in faifai ya yi zane, wurin masu injin gyaran ƙarfe muke kaiwa su yi masa aski ya fito sumul, kuɗin bai kai na sabo ba ko kusa. Mu matsalarmu ma yashi ce. In aka yi ruwa mai ƙarfi, yashi yake kwararowa daga tudu ya rufe kwalta, ka bi ta ciki, tsakuwa ɗaya ta maƙale tsakanin fad da faifai ta yi ta zana shi kamar garma. Na yi wa tawa aski sau ɗaya, shekara biyu ke nan lafiya lau.

Ogan Gareji:
Aski halal ne in akwai nama. Na gabanka ne aka yi wa ko? Shi yana da kauri. Amma lissafi ne: injin zai ci fuska biyu har sai ya kai gindin rami mafi zurfi. In bayan an gama kaurin ya faɗi ƙasa da lambar nan, ka biya kuɗi ne aka lalata maka abu. Siririn faifai yana saurin zafi, yana saurin murɗewa, yana iya tsagewa. Na baya da tsatsa ta huda, da wuya aski ya cece shi. Kuma duk wanda ya yi aski ya mayar da tsohon fad, zanen da ke jikin fad ɗin zai koma kan faifan cikin wata ɗaya.

Ɗan Gombe:
Na gaba ne kam. To na Beljiyam fa? Mutane da yawa sun fi yarda da tsohon na asali a kan sabon da ba a san inda aka yi shi ba.

Hajiyar Yelwa:
Ni dai a kan wannan zan yi magana don ya faru da ni. Motata daga Kanada aka kawo ta, kilomitarta kaɗan, jikinta kamar ba a taɓa hawa ba. Wata uku da saye aka ɗaga ta, ƙarƙashinta duk ya yi ja, faifan baya yana ɓarewa kamar ɓawon rogo. Ashe can da hunturu gishiri suke zubawa a titi don ƙanƙara ta narke, haka ma jihohin arewacin Amurka irin su Michigan da New York. Gishirin nan shi ke cin ƙarfe. Sannan motar ta yi zaman jiran gwanjo, ta yi makonni a teku, ta yi zaman tashar jirgin ruwa. To kayan Beljiyam ɗin ma ai daga irin waɗannan motocin ake kwance su. Da aka kawo mini guda biyu, ɗaya ya fi ɗaya kauri, da ido ma ana gani. Na mayar.

Ogan Gareji:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Akwai na Beljiyam masu kyau, ina ɗaurawa, amma da ma'auni a hannu nake zuwa saye, kuma biyun su zo daidai. A inji ko giya, tsohon na asali yakan fi. A faifan birki kuwa abu ne da ake cinyewa, rabin ransa ya riga ya tafi. Ga wanda zai iya, sabo mai suna ya fi kwanciyar hankali. Ko wanne aka zaɓa, hagu da dama tare ake canzawa, da sabon fad.

Kuma Maman Ikram, ga abin da nake so ki riƙe fiye da komai. Canza faifai ba shi ne gyara ba in ba a duba kalifa ba. Kalifa tana zamewa ne a kan wasu fil guda biyu masu rigar roba. In mota ba ta aiki, giris ɗinsu yana bushewa, robar ta tsage, ruwa ya shiga, fil ya kafe. Daga nan fad ɗaya ne ke aiki, ɗayan yana kallo, ko kuma ya dafe faifan ya ƙi saki. A zare su, a wanke, a sa giris na birki mai silikon. Ba baƙin giris na boris ba, shi yana kumbura roba. A kuma goge fuskar hob da faifan zai zauna a kai, don tsatsa kaɗan a nan tana sa sabon faifai ya zauna a karkace, wata biyu bugun ya dawo a ce kayan ne jabu.

Injiniya:
Wani abin sha'awa, matsalar nan ta fi yawa yanzu a motocin haɗin lantarki da fetur irin su Prius, da masu lantarki zalla, ko da kullum ana hawansu. In direba ya rage gudu, injin lantarkin ne ke riƙe motar yana mayar da wuta batir, birkin gaske ba ya shiga sai an kusa tsayawa ko an taka da ƙarfi. Har Volkswagen suka koma sa birkin diram a bayan ID.3 da ID.4, don shi a rufe yake, ruwa ba ya samunsa kamar dis. Masu sayen irin waɗannan motocin su sani tun yanzu.

Baba Direba:
Kafin ku tashi, a duba tayoyin ma. Akwai lamba huɗu a gefen taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In kin ga 2313, mako na 23 ne na 2013. Taya tana tsufa a tsaye da zanenta cif.

Maman Ikram:
'Yan'uwa na dawo, ku yi haƙuri kwana uku shiru. Ranar Asabar na koma garejin da takarda a hannu, duk na rubuta abin da kuka ce. Na yi zaton zai ɓata rai, sai ya yi murmushi ya ce da kowa zai zo da tambaya haka da sun huta da zargi.

Ya cire faifan biyu ya juya mini bayansu kamar yadda Baba Direba ya ce. Na dama, fuskar cikinsa ba wurin da ke haske ko kaɗan, ya ɗan buga da guduma sai ɓawon tsatsa ya zubo a kan kwalin da ya shimfiɗa, ya kai cikin tafin hannu. Fil ɗaya na kalifar wannan ɓangaren ya kafe, sai da ya kama shi da filaya yana murɗawa kafin ya fito, busasshe ƙayau, ja kamar tsohuwar ƙusa. Fad ɗin ciki ya fara rabuwa da ƙarfensa, na sa farce a tsakanin ya shiga. Na hagu da sauƙi, amma farcena ya tsaya a rami biyu. Lambar da ke jiki 8.5 ce, ya auna ya samu 9.2 a ɗaya, 9.0 a ɗayan. Ya ce in aka yi aski har ramukan su ɓace za a faɗa ƙasa da lambar, na kuma ga haka ne da idona. Na gaba ya auna ya ce lafiyarsu ƙalau, tsatsar sama ce kawai, bai taɓa su ba.

Man birkin da ya zuƙo baƙi ne kamar shayin da ya kwana. An canza duka. Yayyena biyu suka kawo nasu gudummawar muka haɗa, aka sa sabbin faifai biyu da fad. Tayoyi uku na 2013 ne, wannan sai ƙarshen wata.

Abban Walid, shawararka ma ta yi amfani, don bayan an gama shi da kansa ya ce mu hau hanya. Muka fita hanyar Ningi inda ba cunkoso, ya sa na kai 60 in taka in sauko wajen 10 ba tare da na tsaya cak ba, sau takwas, yana duba madubi kada wani na biye, sannan muka yi tafiya kaɗan ba birki don ya huce. Ƙarar ta tafi, bugun ma babu.

Abban Walid:
Alhamdulillahi. Na janye maganata ta farko a kan bakaniken, Allah ya yafe mini zaton da na yi masa. Gobe zan sa a juya mini bayan nawa in gani.

Ogan Gareji:
Madalla Hajiya. Saura kada a koma gidan jiya. In an wanke ta, a zaga da ita layi biyu ana taka birki kafin a ajiye. Tamfol ɗin a ɗage shi daga ƙasa ya tsaya iya rabin taya don iska ta ratsa, in da hali a zuba tsakuwa ko a yi daɓe a wurin. Tunda otomatik ce kuma filin gidan a shimfiɗe yake, a sa ta a P a tare taya da dutse in za ta yi kwanaki, amma a riƙa jan birkin hannun ana saki duk ranar da aka fita don wayarsa kada ta kafe. Sannan ko sau biyu a wata ta yi tafiyar rabin awa a buɗaɗɗiyar hanya.

Maman Ikram:
In sha Allah. Maganar birkin hannun ce sai na lallaɓa Baba, don shekara arba'in yana ja. Tafiyar kuwa ta zo daidai, ya daɗe yana cewa yana son ganin ƙanwarsa a Dass. Mun sa ranar Asabar ta sama, in an sa tayoyin.